Hukuncin sallar wanda aka yi wa tiyatar gwiwa: ya halatta ya yi a kan kujera?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne a Aboabo, nan Kumasi. Na ji rauni a filin ƙwallo, jijiyar tsakiyar gwiwata ta dama wadda likitoci ke ce wa ACL ta tsinke, guringuntsin ma ya yage. An yi mini aiki a asibitin Komfo Anokye, yau mako uku. Ina iya tsayuwa da sanda, amma likita ya hana ni lanƙwasa ƙafar fiye da digiri 90, ya hana ni durƙuso. Tun da na dawo gida a kan kujera nake salla daga kabbara har sallama. Wani dattijo a masallacinmu ya ce ba ni da salla, wai kujera ta 'yan coci ce, in zauna a ƙasa. Kawuna kuma ya ce tunda a wajen wasa na jawo wa kaina, ba ni da rangwame. Sannan kwana uku da na yi a asibiti ban yi salla ba. Ga kuma batun alwala da wanka. Raina ya ɓaci ƙwarai, Malam.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu, ɗana, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

A cikin dogon bayaninka akwai magana ɗaya da ka faɗa ka wuce, alhali a kanta hukuncin yake: ka ce kana iya tsayuwa. To ashe gyaran da sallarka ke buƙata ba inda dattijon ya nuna yake ba. Abin da likita ya hana ka shi ne kai gwiwa ƙasa, wato sujada da zaman tahiya irin na mai lafiya. Tsayuwa da ruku'u suna nan a wuyanka, don rukunin da mutum ya gaza shi kaɗai ke faɗuwa, ba ya jan 'yan'uwansa. Saboda haka ka yi kabbarar harama a tsaye, ka karanta Fatiha a tsaye ko da ka dogara da sanda ko bango, ka yi ruku'u gwargwadon yadda bayanka ya ba ka, ka ɗago. Sai ka zauna a kan kujera ka yi nuni da sujada, ka sunkuya sosai, ka ɗago, ka sake, sannan ka miƙe raka'a ta gaba. Ba sai an ɗora maka matashi ko ɗan tebur ka kai goshi a kai ba. Ran da ƙafar ta kumbura, ko jiri ya ɗebe ka, ko ka ji tsoron faɗuwa, ka zauna daga farko har ƙarshe, sallarka ta yi. Nafila kuwa ka zauna abinka. Farillan da ka yi a zaune a makon farko, lokacin da tsayuwa ke yi maka azaba, sun inganta. Waɗanda ka tabbata kana da ƙarfin tsayuwa a cikinsu ka zauna, ka sake su a hankali.

Mu koma ga maganar dattijon, domin ba kai kaɗai aka faɗa wa ba, na sha jin ta a zangunanmu, daga Asawase har Tafo. Ina girmama kishinsa, amma maganar ba daidai ba ce. Da Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini in bai iya tsayuwa ba ya yi a zaune, bai ƙayyade masa irin zaman ba, bai kuma ce sai a kan ƙasa ba. Risala da muka karanta a zaure tun muna yara cewa ta yi maras lafiya ya harɗe in zai iya, in ba haka ba ya zauna gwargwadon iyawarsa. Wanda ƙafarsa ke cikin abin ɗauri mai ƙarfe, ina zai harɗe? Iyawarsa ita ce kujera. Batun kama da coci kuwa, kamanceceniyar da aka hana ita ce a abin da ya keɓanci ibadar wasu. Kujera kayan zama ce, tana gidan kowa, tana ofis, tana shagon tela. Ba don koyi ka ɗauko ta ba, larura ce ta kawo ta. In da za a bi wannan ma'auni, da lasifikar masallaci ma an cire ta.

Abin da ya fi damuna shi ne dattijon bai lissafa abin da za ka rasa in ka bi shawararsa ba. In ka zauna a ƙasa ka miƙe ƙafa, goshinka ba zai kai ƙasa ba, wato sujadar ba ta samu ba. Kuma daga ƙasa ba za ka iya miƙewa kowace raka'a ba sai an ɗaga ka, wato tsayuwa da ruku'un da kake iyawa sun tafi. Ka bar rukunai biyu da ke hannunka, ba ka sami na ukun ba, ga kasadar warware ɗinkin da aka yi wa guringuntsin. Malaman Malikiyya sun yi bayanin mai irin halinka ƙarara: wanda yake iya tsayuwa da zama amma ba ya iya sujada, daga zaune yake nuni da sujada. Inda dattijon yake da gaskiya guda ne, kuma zan ba shi: akwai mutanen da suke iya sujada sarai amma sun mai da kujera al'ada, suna shigowa masallaci da ƙafarsu su nufi kujera kai tsaye. Waɗannan a ja musu kunne. Kai ma ran da likita ya sake ka, kujerar ta koma ɗaki. Kafin nan ka riƙa tsayawa a ƙarshen sahu ko a sahun baya, kada kujerarka ta tsare wa wani wurin sujada. Kuma kada ka yi musu da shi a gaban mutane, sa'an mahaifinka ne.

Maganar kawunka ba ta da tushe. Motsa jiki halal ne. Manzon Allah (SAW) da kansa ya faɗo daga kan doki ya ji ciwo, ya yi salla a zaune. Sai dai ka tambayi kanka, tsakaninka da Allah, Magariba nawa ta wuce ka kana fili, kuma ko kuɗin caca ya taɓa shiga wasan. In akwai, wannan ne abin tuba.

Sallolin kwana ukun nan ka rama su duka, har da wadda allurar barci ta ɗauke ka a cikinta. Da ka tambaya a lokacin, da an ce maka ka yi a kwance da nuni, da taimama in ruwa ya gagara.

Alwala ba ta kai gwiwa, a idon sawu take tsayawa, don haka bandejinka bai shafe ta ba. In hannunka ba ya kai ƙafa, iyalinka ko ƙaninka ya wanke maka ya cuɗa. A wankan janaba ka wanke sauran jiki, ka shafi bandejin da jiƙaƙƙen hannu sau ɗaya, kada ruwa ya shiga ciwon. Abin ɗaurin mai ƙarfe kuwa, in likita ya yarda a cire shi lokacin wanka, ka cire. Juma'a ba ta wajaba a kanka ba muddin zuwa zai cutar da kai. In ka sami mai kai ka ƙofar masallaci, ka je, amma ka yi alwala daga gida, don santsin wurin alwala ya kayar da masu ƙafa biyu ma.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Za a zo a ce maka akwai maɗori a wuri kaza. Maɗora sun san karaya, amma naka ba ƙashi ba ne, jijiya ce aka dasa, ja da murza na iya lalata aikin. Ka riƙe masu motsa gaɓoɓi na asibiti ko da atisayen ya gundure ka. In ƙwaurinka ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi maka wuya, ka koma asibiti a take, gudan jini ba abin jira ba ne. Maganin ciwo kuma kada ka wuce abin da aka rubuta maka. Ka san abin da tramadol ya yi wa samarin zango, ina roƙonka kada ƙwayar ta bi ka bayan ciwon ya tafi.

Na san abin da ke cin ranka shi ne fili. Irin wannan aiki yakan ɗauki wata 9 zuwa shekara kafin a koma ƙwallo, kuma gwiwa takan daina ciwo tun dashen bai yi ƙwari ba, a nan samari ke ruɗuwa. Ɗan ƙwallon Ghana Michael Essien ya tsinke wannan jijiya a 2008 a wasan Ghana da Libiya, ciwon gwiwa ya hana shi gasar cin kofin duniya ta 2010, ya sake tsinke irin wannan jijiya a 2011, shi da ke da likitocin Chelsea a kansa. Idan abokanka suka zo suna cewa ka shigo ka ɗan taɓa na minti goma, ka ce Malam ya hana har sai likita ya sa hannu. Ka sake rubuto mini ran da ka fara kai goshi ƙasa.

Wallahu a'alam.