Tambaya da Amsa: Na juya zanen AutoCAD zuwa STL, an buɗe babu komai a ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibin zanen gine-gine ne, na zana fulan ɗin gida mai ɗaki uku a manhajar zane ta AutoCAD ina so a fitar min da ɗan ƙaramin samfurinsa da firintar 3D saboda furojet, mai firintar yace in kawo masa STL, wato nau'in fayil ɗin da ake amfani da shi a buga 3D. Na shiga wani shafi a intanet na loda DWG ɗin, wato fayil ɗin AutoCAD, ya bani STL, da na kai masa ya buɗe wallahi babu komai a ciki. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Shafin nan bai cuce ka ba, abin da ka bashi ne babu jiki. Fulan ɗinka layuka ne a kwance, tsawo da faɗi kawai, kamar shatar harsashi da magina ke yi a ƙasa kafin a ɗora bulo ko ɗaya, shi kuwa STL tun da kamfanin 3D Systems ya ƙirƙiro shi a 1987 abu ɗaya ya sani, fatar abu mai kauri da aka lulluɓe da ƙananan siffofi masu kusurwa uku. Layi bashi da fata, to me za a lulluɓe? Sai ka fara tada ginin a cikin kwamfuta tukuna.

Ka yi kwafin fayil ɗin, kar ka taɓa na asali. A kwafin ka goge rubuce-rubuce da ma'aunai da kujeru da duk wani ado, ka bar bango kawai, sannan ka buga umarnin OVERKILL ya share layukan da suka hau kan juna don suna da yawa a zanen ɗalibai, mutum ya zana layi sau biyu bai ma sani ba. Daga nan kowane bango sai ya zama rufaffen zagaye, ka haɗe layukan da umarnin PEDIT sai Join, in akwai ɗan gibi ko na rabin milimita ne EXTRUDE, umarnin da ke ɗaga zane ya yi tsayi, zai baka fata mara ciki maimakon daskararren bango, kuma nan ne yawancin mutane ke maƙalewa su ce manhaja ta lalace. In ya rufu ka ɗaga shi da EXTRUDE ko PRESSPULL zuwa tsayin da kake so, misali milimita 3000, ka huda ƙofofi da tagogi da SUBTRACT, ka haɗe komai da UNION, sai ka fitar da STL ɗin da umarnin STLOUT. Amma fa duba wanne AutoCAD ne a kwamfutarka, in ƙaramin nan ne mai suna LT baya gina daskararrun siffofi, sai dai ka koma FreeCAD wanda kyauta ne, ka ajiye zanen a nau'in fayil na DXF ka shigar dashi can.

Sauran abu biyu da zasu iya ɓata maka kuɗin robar da firintar ke aiki da ita. STL baya ɗauke da ma'auni, lamba kawai yake ajiyewa, manhajojin firinta irin su Cura kuma milimita suke ɗauka, don haka in da inci ka yi zanen abin zai fito ya ƙanƙance sau 25.4, in da mita ne kuma sai a neme shi a allo a rasa. Na biyun shi ne kauri. In ka rage samfurin sau ɗari, wato sikelin 1:100, bangon bulo inci tara, wato kusan milimita 225, zai koma 2.25, wannan lafiya lau, amma firam ɗin taga mai milimita 40 zai koma 0.4, daidai faɗin bakin yawancin firintocin nan, ko dai ya ƙi fitowa ko ya karye a hannunka. Ka ƙara masa kauri da gangan, ba wanda zai sa ruwla a kai. Rufin kuma ka fitar dashi daban don a iya ɗagawa a ga ɗakunan.

Tambaya: Injiniya ina wuni. Ina da shagon gyaran injinan niƙa, yarona ya zana min wani fuli da ya lalace, mun tura STL wa masu injin CNC, injin yankan ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, sun dawo dashi wai fayil ɗin STEP suke so. Ba duk 3D bane? Daga Kano.

Amsa: Lafiya lau Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Suna da gaskiya. A STL da'ira ba da'ira bace, gajerun layuka ne masu yawa aka jera suka yi kama da ita, ramin shaft kuwa in ya kauce ko kaɗan kun fi ni sanin abin da zai biyo baya. STEP, wanda ƙa'idar ISO 10303 ce, yana ajiye ainihin lissafin siffar, rami mai milimita 25 yana nan a 25 ɗinsa har da ma'aunin, shi yasa masu yankan ƙarfe suka fi son shi. Akwai wani nau'in fayil mai suna IGES ma amma tsoho ne, tun 1996 ba a sabunta shi ba, sai in su suka nema.

Kar yaron ya ɗauki STL ɗin ya ce zai juya shi zuwa STEP, sunan zai canza amma kusurwoyin nan dubbai suna nan. Ya koma kan zanen asali, ya zana rabin fulin ta gefe ya juya shi da REVOLVE. AutoCAD na gama-gari baya fitar da STEP kai tsaye, sai ya buɗe a manhajar Autodesk Fusion (wadda a da ake kira Fusion 360) ya fitar daga can, ko ya gina shi a FreeCAD tun farko. Ku haɗa musu da PDF mai ma'aunai, a rubuta irin ƙarfen da kuke so da girman gurbin ki (keyway), wato tsagin da ake kulle fulin da shaft ta cikinsa.