Amsa ga mai cewa giwa awa 2 take barci

Assalamu alaikum jama'a. To, ƙanena, sai da safen nan na saurari muryarka. Ka ce wai ka ji giwa awa 2 kacal take barci a rana, kana tambaya ko gaskiya ne. Gaskiya ne. Amma ni na san ba giwa ce ta dame ka ba. So kake wani ya ce maka awa 4 ɗin da kake yi bayan ka gama danna waya sun wadatar. To ba daga bakina ba.

Bari in ba ka labarin giwar tukuna. A Botswana aka yi binciken, a dajin Chobe, sakamakon ya fito a 2017. Giwaye mata 2 aka sa wa na'ura a hannu, wato dogon hancin nan, domin in ya daina motsi na wasu mintoci an san ta yi barci. Sai aka ga awa 2 suke yi, wani lokaci ma su shafe awa 46 ba su runtsa ba. Amma me ya sa? Ciki ne, malam. Dabba mai wannan girma, ciyawa da ganye take ci, kusan duk yininta a kiwo yake ƙarewa. Wadda ke gidan zu, da ake kawo mata abinci har gabanta, awa 4 zuwa 6 take yi abinta. Ka ga ba jarumta ba ce. Kuma me ya sa giwa ka zaɓa? Akwai jemagen da ke yin kusan awa 20. Shi ba ka ce za ka yi koyi da shi ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki ma dolfin ne. Kifin nan… a'a, ba kifi ba ne, dabba ce mai shayarwa, iska take shaƙa kamar mu. In ta yi barci gaba ɗaya nutsewa za ta yi. Sai rabin ƙwaƙwalwarta ya yi barci, rabi na gadi, ido ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, can su yi musanya. Agwagi ma haka: in suka jeru, ta bakin layi idonta na waje a buɗe yake. Mu ma muna da ɗan ɓurɓushin abin. Ka taɓa lura daren farko a baƙon wuri barcinka ba ya nauyi, ƙaramin motsi ka farka? A Jami'ar Brown ta Amurka sun auna wannan a 2016, suka ga ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ba ya sakin jiki sosai a daren farko. Ɓurɓushi na ce fa, kar gobe ka ce na ce kai dolfin ne.

Yauwa, sai tsuntsun fengwin, wani iri da ke can wajen Antaktika. A 2023 aka gano yana gyangyaɗi sama da sau 10,000 a rana, kowanne kamar daƙiƙa 4, a haɗa ya haura awa 11. Shi ya yi masa. Mutum kuwa in ya fara irin wannan, alama ce bashin barci ya taru. Akwai wani da muka zauna ɗaki ɗaya lokacin karatu, kullum cika baki, shi awa 3 ta ishe shi, mu ne ragwaye. Wallahi ina kallonsa a aji, biro a hannu, rubutu ya fara daidai, sai layin ya gangaro ƙasan takarda kamar sawun tsutsa, kai ya yi gaba, ya zabura. In ka taɓa shi ya ce ido kawai ya rufe, yana ji. Yana jin me? Daga baya littafina yake arowa ya kwafa, har yau ɗaya bai dawo min da shi ba, mai koren bango. Kuma ni ne rago. Yanzu ka ɗauka wannan daƙiƙa 4 ɗin a kan sitiyari ta same shi.

Ina nake ma? Eh. Wani yaro Ba'amurke, Randy Gardner, ɗan shekara 17, ya yi kwana 11 ba barci, awa 264, a 1965… a'a, ƙarshen 1963 zuwa Janairun 1964 ne. Kafin ya gama, mantuwa ta kama shi, ana ba shi lissafi ya tsaya a tsakiya ya manta me yake yi. Da ya kwanta sai da ya yi sama da awa 14.

Na san za ka ce akwai masu yin awa 6 lafiya lau. Akwai, a jininsu yake, gado ne, kuma 'yan kaɗan ne ƙwarai. Ba a koyon sa. Sauranmu manya awa 7 zuwa 9 ne. Na so in shiga maganar dannau, yadda jiki ke kulle gaɓoɓi lokacin mafarki, mutum ya farka kafin a sake shi, amma muryar ta yi tsawo, a bar shi sai wani ya tambaya.

Af, na duba lokacin da ka turo tambayar nan fa. Ƙarfe 3 da minti 10 na dare.