Da gaske ne marubucin Tarzan bai taɓa zuwa Afirka ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun muna yara muke kallon finafinan Tarzan, sai kwanan nan na ji an ce wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Gaskiya ne? Wane ne mutumin, kuma mece ce aƙidarsa? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, ɗan'uwa. Sunansa Edgar Rice Burroughs, an haife shi a Chicago ta Amurka a 1875, ya rasu a Kalifoniya a 1950, bai taɓa ganin Afirka da idonsa ba. Shi ya sa a fitowar farko ta labarin, cikin mujallar All-Story ta Oktoba 1912, ya saka taiga a dajin Afirka, alhali wannan babbar damisa mai ratsi-ratsi dabbar Asiya ce. Da labarin ya zama littafi a 1914, sai aka mayar da ita zakanya.

Talauci ne ya tura shi rubutu. Ya faɗi jarrabawar shiga makarantar hafsoshi ta West Point, ya yi sojan doki a Arizona aka sallame shi saboda ciwon zuciya, ya yi kiwon shanu a Idaho, ya yi ɗan sandan layin dogo. A 1911, ga mata ga 'ya'ya biyu, yana dillancin abin fiƙe fensir, kasuwa ba ta tafiya, sai ya riƙa karanta mujallun labarai masu araha, ya ga cewa shi ma zai iya. Labarinsa na farko, kan duniyar Mars, ya kawo masa dala 400. Tarzan ya kawo 700.

Ta fuskar sana'a kam, na sara masa. Ya gane da wuri cewa kuɗin ba a takarda kaɗai yake ba. Fim ɗin farko ya fito a 1918, a 1923 ya yi wa sunansa rajista a matsayin kamfani, daga 1931 kuma ya fara buga littattafansa da kansa. Gonar da ya saya kusa da Los Angeles a 1919 ya raɗa mata Tarzana, kuma har yau sunan unguwar ke nan. Yana Hawai lokacin da Japan ta kai hari sansanin sojojin ruwan Amurka na Pearl Harbor a 1941, ya zama wakilin jarida a fagen daga yana da shekara 66.

Aƙidarsa ce take damuna, domin ita ce ginshiƙin labarin. Burroughs ya yi imani cewa daraja da basira a jini ake gadonsu, har ya goyi bayan ra'ayin da ya yi tashe a zamaninsa na hana waɗanda ake ganin "gurɓataccen iri" ne haihuwa. Duba yadda ya gina jarumin: ɗan wani basaraken Ingila ne, iyayensa suka mutu a gaɓar tekun Afirka, birai suka rene shi, amma ya koya wa kansa karatu daga littattafan da mahaifinsa ya bari, ba malami ko ɗaya. Sunan ma, a yaren biran da marubucin ya ƙago, yana nufin "farar fata". Su kuwa 'yan Afirka a littafin farko, ya zana su ne a matsayin matsafa masu cin naman mutane. Wannan a shekarun da ɗakunan karatun Timbuktu ke cike da littattafai, Kano kuma ta shafe ƙarnoni tana ciniki da Arewacin Afirka.

Ban ce ka hana 'ya'yanka kallo ba. Mutumin ya iya jan labari, wanda ya fara karanta shi da wuya ya ajiye. Amma ka zauna tare da su, ka tambaye su me ya sa a duk faɗin dajin nan Bature ne kaɗai aka ba wa wayo.