Ku Tambaya Mu Amsa: Freddie Mercury Musulmi Ne?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan kabu-kabu ne a Mabera, nan Sakkwato. A shagon cajin waya na ji wani Bature yana rera "Ibrahim, Mustapha" har da ambaton Allah cikin kiɗan jita. Aka ce mini sunansa Freddie Mercury. Musulmi ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ba Musulmi ba ne, kuma ba Bature ba ne. Sunansa na yanka Farrokh Bulsara, an haife shi a Zanzibar a 1946. Iyayensa 'yan ƙabilar Parsi ne na Indiya, mabiya addinin Zorosta. A Indiya ya yi makarantar kwana, can ya koyi piyano. Juyin juya halin Zanzibar na 1964 ne ya kora su Ingila.

A 1970 ya haɗu da Brian May da Roger Taylor suka kafa ƙungiyar mawaƙa mai suna Queen. Waƙar da ka ji, "Mustapha", ta fito a 1978. A ganina, wanda ya yi ƙuruciya a tsibirin da ladan ke tashe shi kullum, ba abin mamaki ba ne sunayen nan su zauna masa a baki.

Murya kam Allah ya ba shi. Nemi bidiyon Live Aid, bikin waƙoƙin tara tallafi na 1985 a filin Wembley da ke Landan: farar singileti, sandar makirfo a hannu, shi kaɗai yana ba da waƙa, mutum wajen 72,000 suna amshi kamar 'yan amshin Ɗan Anace.

Ya rasu a Landan ranar 24 ga Nuwamba 1991, yana da shekara 45, kwana ɗaya bayan ya sanar cewa yana da ciwon ƙanjamau.