Amsa: Yadda za ka gano shekarun kakarka

Malam, ka ce kakarka ba ta da takardar haihuwa, kana son sanin shekarunta. Kada ka tambaye ta shekara, tambaye ta sarki. In ta yi wayo lokacin rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, 1953 ke nan, to ta doshi tamanin ko ta haura. Ado Bayero ya hau karaga a 1963, kuma tsofaffin cikin birni da yawa da hawansa suke auna aurensu.

Sai canjin kuɗi, daga fam da sule zuwa naira a 1973. Wannan kam duk macen da take zubin adashi ba ta manta shi ba. Ka kuma tambaye ta goyon wa take yi lokacin rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, Disamban 1980.