Tambaya da Amsa: Ƙwaron da ya mayar da dajin tsaunuka ja

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Kanada ya turo min hoton wani tsauni, bishiyoyin duk sun yi jawur, wai ƙwaro ne ya kashe su. Anya ƙwaro zai iya gamawa da daji sukutum? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙanenka bai yi ƙarya ba. Ƙwaron, wanda a Turance ake kira mountain pine beetle, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, baƙi ne, macen ce ke huda ɓawon bishiyar fayin (pine, wata doguwar bishiyar katako mai ganye kamar allura) ta shige ta yi ƙwai, kuma tana tafe da wata funfuna da ke toshe hanyar ruwa a jikin itacen. In ka ɓare ɓawon za ka ga hanyoyi zane-zane da tsutsotsin suka ci, katakon kuma ya yi shuɗi-shuɗi. Bishiyar kan yi ta fitar da ƙaro don ta turo su waje amma in suka yi mata taron dangi ba ta da yadda za ta yi, shekara na zagayowa ganyen ya yi ja, daga baya ya zube.

Da can sanyi ne ke tsaron dajin, in ya kai digiri 40 ƙasa da sifili tsutsar mutuwa take, to yanzu irin wannan sanyin ya yi ƙaranci. A lardin Birtish Kolombiya na Kanada kaɗai, daga ƙarshen shekarun 1990 ɓarnar ta shafi sama da hekta miliyan 18. Ƙwaron ya kuma haura can ƙololuwar duwatsun Yelosuton a Amurka inda da ba ya iya zama, ya faɗa wa wani irin fayin da ke ɗaukar shekaru da dama kafin ya fara 'ya'ya, alhali 'ya'yan nan su beyar (bear, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi) ke ci ta yi ƙiba kafin hunturu. A 2022 Amurka ta sa wannan irin fayin cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

Ni abin da ya fi taɓa min zuciya mutanen garuruwan katako na Birtish Kolombiya ne wallahi. Gwamnati ta ƙara adadin itacen da za a sare don a kwashe matattun kafin su ruɓe, aiki ya buɗe, kuɗi suka shigo, da itacen ya ƙare sai masana'antun suka fara rufewa. A 2019 an rufe da dama, har da wata a garin Kwanel, magidanta suka wayi gari ba aikin yi, sabbin bishiyoyin da aka dasa kuwa sai an yi gomman shekaru kafin su isa sara.