Tambayi Likita: Tun da na bugu a ka, kuncina bai dawo daidai ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni tela ce a Tudun Wada, shekarata 34. Mako bakwai ke nan Keke Napep ɗin da na hau daga Kasuwar Bacci ya faɗa rami, fuskata ta daki ƙarfen da ke bayan direba. Ban suma ba, amma na yi kwana huɗu ina jiri da ciwon kai. An yi mini hoton kai, aka ce babu komai, ƙwaƙwalwa ce ta ɗan girgiza. Ciwon kan ya tafi, sai dai kuncina na hagu da leɓena na sama kamar ba nawa ba, wani lokaci kamar kiyashi na yawo a wurin. In na kai kofin shayi baki, rabin leɓen ba ya jin zafi. Surukata ta ce iska ce ta shafe ni, maigida kuma ya ce na sa abin a raina ne.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kike ji gaskiya ne, ba sa wa a rai ba ne, kuma wuraren da kika lissafa su suka nuna mini inda matsalar take.

Jijiyoyi goma sha biyu ne a kowane gefe, hagu da dama, suke fitowa daga ƙwaƙwalwa kai tsaye. Ta biyar ita ke ɗauke da jin fuska, kuma reshe uku gare ta: na goshi, na kunci, da na muƙamuƙi. Reshen tsakiya yana fitowa ta wata 'yar ƙofa a ƙashi, ƙasa da ido kaɗan. Sa yatsa a wurin ki danna a hankali, mai yiwuwa ki ji tsam har leɓe. Daga nan yake watsuwa zuwa kunci, gefen hanci, leɓen sama da dasashin haƙoran sama. To, daidai nan ƙarfen ya same ki. Jijiyar da ta ƙuje irin haka ba ta fitowa a hoton kai, shi hoton, jini da karaya yake nema.

Alamomin girgizar ƙwaƙwalwa kan lafa cikin mako biyu zuwa huɗu ga yawancin mutane, amma jijiya ba ta da sauri. In sai ta sake toho ne, kusan milimita ɗaya take yi a rana. Duba tef ɗinki na awo, inci ɗaya ke nan a wata. Kiyashin nan da ke damun ki ma, sau da yawa a lokacin da jijiya take farfaɗowa ake jin sa.

Duk da haka ina so ki koma asibiti, kada ki zauna jira. Ƙashin da ke ƙarƙashin gurbin ido siriri ne ƙwarai, yakan tsage ya matse jijiyar. Ni a ɗakin duba marasa lafiya, auduga nake murzawa in shafa kunci biyu, mutum ya rufe ido ya gaya mini bambanci, sannan in sa ya bi yatsana da ido sama da ƙasa. In kina gani biyu-biyu, ki je Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna. In babu haka, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ya isa farawa. Ki tafi da hoton farko, a kuma duba wuyanki, don wuyan da ya fizgu yana aika ciwo fuska, ga shi kina wuni sunkuye a kan keken ɗinki.

Don Allah kada ki bi kemis kina sayen tiramol. Ciwon jijiya da nasa magunguna daban, likita ne ke rubutawa. Shayi kuwa ki fara gwada shi da ɓangaren dama, kada ki ƙone ba ki sani ba.

Ki karanta wa maigida wannan: in baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ɗaya ya rasa ƙarfi, ko amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, barci mai nauyi, jijjiga, ko ruwa garau na ɗiga daga hanci ko kunne, a kai ki sashen gaggawa nan take, ko tsakar dare ne. Jini yakan taru a hankali cikin ƙoƙon kai makonni bayan buguwa, ko da hoton farko ya fito lafiya.